Ɗigon Jan Farce a Gindin Harsashi

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗaliban nan namu suka zo cin tuwo a gidana da ke Abbasiya, nan Alƙahira, kamar yadda suka saba duk lokacin da wake da burodin Masar suka gundure su. Ɗaya daga cikinsu, Nazifi, wani dogon ɗan Funtuwa mai karatun shari'a, ya hango kwanson harsashi na tagulla a kan kanta. Ya ɗauka, ya leƙa cikinsa da ido ɗaya, ya ce, "Baba Haruna, wai wannan kuka yi shekara ashirin da wani abu kuna yi? Ai zuba garin albarushi ne a toshe, khalas." Suka kwashe da dariya, har da matata Zainabu daga kicin, wadda ya kamata ta fi kowa sanin wahalar da na sha. Ban tanka ba, don akwai loma a bakina. Yanzu na haɗiye, ga amsarku.

Da farko ku san abin da muke yi. Akwai tsofaffin bindigogin farauta a garin nan, masu baki biyu, waɗanda kakannin mutane suka sayo daga Turai tun zamanin da ake zuwa a jirgin ruwa. Harsashin roba na yanzu ba ya shiga cikinsu, ko ya shiga ma ƙarfen ba zai jure irin ƙarfinsa ba. Don haka kowane mai irin wannan bindiga yana da kwansunansa na tagulla, ya harba, ya tsince su, ya kawo mana mu sake cikawa. Kwanso ɗaya yana iya fin mai shi tsawon rai idan ya sami hannu mai kyau. Shagonmu yana wani lungu a bayan unguwar Darrasa, tsakanin mai ɗinkin littattafai da mai turare, da lasisinsa a manne a bango, kuma jami'in hukuma yana leƙowa ya duba mu duk lokacin da ya ga dama.

Ni ma karatu ya kawo ni, kamar ku. Daga Haɗeja na zo, ɗan maƙerin fari, da niyyar komawa gida da rawani. Nahawu ya ce bai san zancen ba. Shekara uku muna kokawa da shi, kullum ni ne a ƙasa. Wata rana ina dawowa daga duba sakamakon da bai kamata na je dubawa ba, sai na ji ƙarar guduma a wani lungu, ƙafata ta kai ni. Na tarar da wani gajeren tsoho yana fama da bakin kwanso da ya lotse. Na tsaya na ɗan lokaci, abin ya ƙi ci min rai a banza, na ce masa da Larabcin littafi, "Ya shugabana, haƙiƙa tagullar nan ta taurare, da ka ɗana mata wuta da ta yi biyayya."

Tsohon ya ɗago ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya ce, "Wannan huɗuba ce ko shawara?" Sai ya miƙo min gudumar.

Wannan shi ne Usta Fahim; Usta suke ce wa ogan sana'a a nan. Kunnensa ɗaya ba ya ji, kuma a duk tsofaffin Masar da na sani shi kaɗai ne bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Ko shayi ba a dafawa a shagonsa, sai dai a kawo daga tsallaken titi. Da iƙamata ta ɗalibi, wato takardar izinin zama, ta ƙare, shi ya yi ta zirga-zirga da ƙafarsa har ya samo min ta aiki a kan sunan shagon. Ku riƙe wannan, don zamana a Alƙahira gaba ɗaya a jikin ƙofar shagon nan yake rataye.

Shekarata ta farko ban taɓa albarushi ba ko da yatsa. Aikina wanki. A cire tsohuwar kabsula, wato 'yar hular nan ta gindin kwanso da ke kama wuta idan an ja kunama, sannan a jiƙa kwansunan a ruwan zafi da sabulu, a bi cikinsu ɗaya bayan ɗaya da ɗan buroshi. Baƙin albarushi irin na da idan ya ƙone yana barin wani dauɗa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma warin yana bin mutum har cikin bas. Na sha ganin mutane suna ba ni wuri a motar da ko tsayuwa babu. Bayan wanki a shanya su a rufin soro, baki ƙasa, har sai babu ko laima, don ɗigon ruwa ɗaya da ya maƙale a gindi ya isa ya kunyata mutum a gaban agwagwa.

Daga nan sai sauraro. Usta yana da wani faifan dutse mai santsi a kan tebur. Kowane kwanso za ka sake shi a kai daga tsayin taƙi ɗaya. Mai lafiya zai yi ƙara siririya mai tsawo. Wanda ya fara tsagewa, ko da ido bai gani ba, ƙararsa a daƙile take fita. Usta da kunne ɗaya yana jin abin da ni da biyu ba na ji. Yakan juya min baya ya ce na sake guda goma, ya ce, "Na bakwai, jefar." Na duba na bakwai da madubin ƙara girma, sai ga tsaga kamar silin gashi.

Kayan aikin cikawa duk na katako ne da tagulla, babu baƙin ƙarfe kusa da gari, don kada a sami tartsatsi. Takalmi mai ƙusa a bakin ƙofa yake kwana. Akwai mazurari, akwai ɗan sikeli mai tafi biyu da Usta ke rufewa da ƙyalle kamar jariri, akwai sandar dannawa da hannu ya cinye har ta yi ƙugu. Matoshai mu muke yankawa da kanmu daga kwali da bargon gashi, saboda bangon tagulla siriri ne, matoshin kanti yawo yake yi a ciki. Gari, matoshi, ƙwayoyin dalma, wani matoshin, sannan a zagaye baki da ƙaro ya bushe. Awon garin kuwa ba zan rubuta ba, Nazifi, ko ka kawo min kilishi daga gida. Kowace bindiga da nata awon, kuma wanda ya yi kuskure a nan ba fuskarsa ce a bayan bindigar ba, ta wani ce da ya amince masa.

Abin da ya fi ba ni mamaki a sana'ar shi ne kwanso yana koyon bindigarsa. Idan aka harba shi, yakan buɗe ya ɗauki siffar ramin da ya kwanta a ciki. Na wannan bindiga ba zai shiga waccan ba. Kai, a bindiga ɗaya ma, bakin dama yakan fi na hagu faɗi saboda an fi harba shi, sai kwanson dama ya ƙi shiga hagu. Shi ya sa kowane mai farauta yake da akwatinsa a shagon, da alamarsa. Wani yakan ɗan ja layi da magagari a gindin na dama, wani ya buga huda. Akwai wani likitan haƙori da ya sa aka zana masa harafin sunansa a kowanne, kuma duk agwagwar da ta tsere masa a tafkin Fayyum laifinmu ne. Yakan shigo yana huci ya ce, "Ya Usta, harsashinka yana lanƙwasa a sama!" Usta ya juyo masa kurman kunnen ya yi ta gyaɗa kai.

Ina shekara ta uku a shagon aka yi murar tsuntsaye. Hukuma ta hana farautar duk wani abu mai fiffike, kuma mu da agwagin ruwa muke ci. Aiki ya tsaya cak. Sai dai jefi-jefi masu shirya fim su zo mu yi musu harsashi marar dalma, mai hayaƙi da ƙara kawai. A lokacin ban daɗe da auren Zainabu ba, 'yar Hausawan Sudan, ga ta da ciki ya tsufa. Da sanyi ya yi tsanani Usta ya ce zai je ƙauye wajen 'yar'uwarsa ya huta mako biyu, ni na riƙa buɗe shago don kada maƙwabta su ce mun mutu.

Zaman banza ne ya ja min. Kwana uku na share shagon har inda ba a taɓa sharewa ba. Rana ta huɗu na hau tsani na sauko da wani akwatin katako mai kyau daga can saman kanta, wanda tun zuwana ban ga an taɓa shi ba. Na buɗe, kwanso arba'in ne, tsofaffi, masu nauyi, irin aikin da ba a yi yanzu, amma sun yi baƙi ƙirin. Zuciyata ta ɗan maƙeri ta motsa. A gidanmu tagulla ba ta kwana da dauɗa, mahaifiyata ko tasar aro ce sai ta goge ta kafin ta mayar. Na tsallaka wajen mai sayar da jiƙon tsamiya na sayo curi guda, na roƙo toka a gidan burodi, na zauna.

Wallahi ban taɓa aiki da jin daɗi irin na ranar ba. Ina gogewa ina waƙa. Abu ɗaya ne ya ɗan ba ni wahala, kusan rabinsu akwai wani ɗigo mai duhu a gindi, a karkace, wani babba wani ƙarami, wanda tsamiya ta kasa ci. Ba layin magagari ba ne, ba huda ba ce, don haka ban kawo alama a raina ba. Na ɗauka ƙaro ne ya ɗiga wa wani mai ganganci. Na sa bakin wuƙa na kankare su tas, ɗaya bayan ɗaya. Da na gama na jera su a kan tebur suna ta walƙiya, na riƙa share musu ƙura kowace safiya ina jiran yabo.

Usta ya dawo da kwandon dabino a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tebur, ya ɗaga kai ya dubi saman kanta. Ya ajiye kwandon a hankali. Ya ɗauki kwanso ɗaya ya juya gindinsa, ya ɗauki na biyu, na uku. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi.

Ya ce, "Ya Harun, ina jan?"

Na ce, "Wane ja, ya Usta? Dattin? Ai na fitar da shi."

Bai yi min tsawa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Zama ya yi ya ba ni labari. Akwatin na wani tsohon alƙali ne da ke Zamalek, wanda kowa ke kira Basha Adli. Matarsa, Madam Su'ad, ita ce ke raka shi farauta shekara da shekaru, tana zaune a kwalekwale tana miƙa masa harsashi. Ita ta sa wa na bakin dama alama da jan farcenta, don ta daina jin mitarsa idan ta miƙo wanda bai shiga ba. Da ta rasu, Basha ya kawo akwatin da kansa ya ce a ajiye masa yadda yake, bai sake zuwa farauta ba. Shekara shida ke nan. Duk sallah yakan bugo waya ya yi gaisuwa, ya tambayi akwatin, Usta ya ce yana nan lafiya.

Na ce, "Ya Usta, mu sayo jan farce mu mayar mana. Wa zai sani?"

Ya ce, "Ni." Sannan ya ce, "Gobe za mu je ka faɗa masa da bakinka. Kuma ka ji da kyau, ya ibni, ɗana. Shagon nan ba gari muke sayarwa ba, ajiya muke riƙewa. Duk masu farautar garin nan bakin Basha suke kallo. Idan ya ce bai yarda ka sake taɓa kayan mutane ba, ba ni da yadda zan riƙe ka."

Ban buƙaci ya ƙarasa ba. Babu shago, babu iƙama. Sai dai na koma Haɗeja babu shahadar karatu, babu sana'a, da mace mai ciki wadda ba ta taɓa taka Nijeriya ba. Tsoro na ji sosai, ba zan ɓoye muku ba. Da na gaya wa Zainabu, sai ta ce, "Kai da ko kofin shayinka ba ka wankewa a gidan nan?"

Washegari da hantsi muka hau tasi zuwa Zamalek, akwatin a kan cinyata. Gidan yana hawa na huɗu, da tagogi masu kallon kogi. Basha da kansa ya buɗe mana, dogon tsoho siriri, sanye da rigar sanyi a kan jallabiya, hannunsa na dama yana ɗan rawa. Ya ga akwatin, fara'arsa ta ragu. Aka kawo shayi, ba wanda ya taɓa. Usta ya zungure ni da gwiwar hannu.

Na shirya jawabi tun a hanya, amma da na buɗe baki sai Larabcin makaranta ya dawo min gaba ɗaya. Na ce, "Ya mai girma, haƙiƙa ni na aikata ɓarna a bayan ƙasa." Na ji Usta ya yi wani nishi. Sai kawai na buɗe akwatin na tura masa.

Basha ya sa tabarau. Ya ɗauki ɗaya, ya juya gindin, ya shafa wurin da babban yatsa. Ya bi arba'in ɗin nan duka, bai tsallake ko ɗaya ba, yana neman wanda na manta. Ni na san ban manta ba, don aikin kirki na yi. Da ya ajiye na ƙarshe ya ce, "Da me ka goge?"

Na ce, "Tsamiya da toka, ya Basha. Haka mahaifiyata take yi."

Ya ce, "Tana raye?"

Na ce tana raye. Ya gyaɗa kai, ya tashi ya shige ciki ya bar mu. Mun fi minti ashirin a zaune. Usta yana kallon silin, ni ina lissafin yadda zan fara yi wa mahaifina bayani.

Da ya fito, bindigar ce a hannu ɗaya, a buɗe ta tsakiya, babu komai cikinta. Ya ɗora ta a kan tebur ya ce, "Yalla, raba su." Wannan kam aikina ne. Na riƙa gwada kowane kwanso a bakin hagu, wanda ya shige salin-alin na hagu ne, wanda ya cije na dama ne. Ashirin da biyu suka fita na dama. Sai ya buɗe ɗaya hannun, ya ajiye wata 'yar kwalba a gabana. Jan farce ne, saura kaɗan a gindi, ya bushe ya zama kamar dutse.

Ya ce, "A kan madubinta yake, ban taɓa matsar da shi ba. Ya mutu ko?"

Na ɗaga kwalbar a haske. A aljihuna kullum akwai ɗan tinar, ruwan da muke narka ƙaro da shi. Na ce, "A ba ni izini." Na ɗiga kaɗan, na rufe, na riƙa murza kwalbar a tafin hannu. Da farko babu abin da ya faru. Can sai ruwan ya fara yin ja-ja, sannan ya yi kauri. Da na buɗe murfin ƙamshin ya tashi, Basha ya juya fuskarsa wajen taga, mu kuma muka shagala da kallon bindiga har ya juyo.

Ya karɓi ɗan buroshin zai ɗiga da kansa, hannun ya ƙi tsayawa, ja ya taɓa tebur. Ya gwada sau biyu. Sai ya miƙo min ya ce, "Kai ka goge, kai za ka mayar."

Na riƙe numfashi na yi ɗigo ɗaya, zagayayye, daidai, wanda ko injin ba zai fi shi ba. Na miƙa masa. Ya duba ya yamutsa fuska.

"La', la', ba haka ba. Wannan aikin ma'aikacin banki ne. Ita a tsaye take yi, da jaka a kafaɗa, mota tana jira a ƙasa ina danna mata ham. Tashi tsaye. Yi sauri, ka makara!"

Na miƙe tsaye. Basha ya riƙa buga tebur yana cewa, "Yalla ya Su'ad, agwagi za su tashi!" ni kuma ina ɗiga ja a gurguje, wani ya zarce gefe, wani ya yi wutsiya. Usta, wanda ya yi shekara uku yana koya min tsabtar hannu, ya rufe fuska da hularsa kafaɗunsa suna rawa. Kafin na kai na goma Basha ma dariya yake yi, hawaye na bin gemunsa bai damu ya share ba. Jan ya ƙare daidai a kan na ashirin da biyu, sai da na karkata kwalbar na kwarzo gindinta.

Muka jera su a bakin taga su bushe. Usta ya gyara murya ya ce, "Ya Basha, maganar Harun fa? Abin da ka yanke shi za a yi."

Basha bai dube shi ba. Ya ɗauki wanda ya fi kowanne muni, wanda hannuna ya goce ja ya malala har gefe, ya daɗe yana juya shi a haske.

Ya ce, "Ku cika min su, idan an buɗe farauta zan je. Kuma daga yau kada kowa ya taɓa akwatin nan sai Harun, har kai, Fahim. A duk Masar shi kaɗai na tabbata ba zai sake goge alamar Su'ad ba."